Kada a ƙwace wa yaro Sarki Walda

Makonni biyu da suka wuce na biya gidan yayana bayan an sauko daga Juma'a, na tarar gidan ya ɗau zafi. Ɗansa na uku, wanda ke aji biyu a babbar sakandare, yana tsaye jikin bango ya sunkuyar da kai. Yaya yana zaune a kan tabarma, yana jujjuya wani littafin rubutu a hannunsa.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini. "Duba abin da ɗanka yake yi da kuɗin makarantar da nake biya."

Na buɗe. Yaron ya sa rula ya raba shafi gida huɗu: suna, shekarar haihuwa, shekarar hawa gado, shekarar mutuwa. Sunaye 17 a jere da rubutu mai tsabta, daga Eorl har zuwa Théoden. A gefen suna na 12, Walda, ya zagaye wata shekara da jan biro, ya ɗora mata alamar tambaya.

Sarakunan Rohan ne, ƙasar mahaya dawaki da ke cikin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien. Ba a taɓa yin ƙasar ba, ba a taɓa yin sarakunan ba. Yaron ya kwafo su ne daga ƙarshen wani tsohon bugu da ya saya a wajen masu sayar da littattafan gwanjo.

Yaya ya juya wajen yaron. "To faɗa mini, wa ya gaji Muhammadu Rumfa?" Shiru. "Ka gani ko? Ya haddace sarakunan ƙarya, na garinsu bai san ko ɗaya ba." Ya ɗauki littafin Tolkien ɗin ya tura ƙarƙashin matashi.

Ban yi musu da shi a gaban yaro ba, domin ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma na san ba a gidan Yaya kaɗai ake wannan rigima ba. Matsayina shi ne: Yaya ya gano ciwo na gaske, amma ya ba shi maganin da zai ƙara shi. Yaron da zai zauna, ba wanda ya sa shi, ya ja layi ya jera sarakuna har ya damu da shekarar mutuwar wani ƙaramin sarki da ba wanda ya sani, shi ne yaron da tarihin Kano yake nema ruwa a jallo. In ka kashe masa wannan sha'awa, ba za ta koma kan Rumfa ba. Mutuwa za ta yi.

Wane ne wannan Walda?

Mutanen Rohan makiyayan dawaki ne da suka gangaro daga arewa. A shekara ta 2510, a lissafin littafin, shugabansu Eorl ya kawo wa daular Gondor ɗauki a wani yaƙi da ta kusa shan kashi, sai mai riƙon sarautar Gondor, Cirion, ya saka masa da wata makekiyar ƙasa mai ciyawa. Dukiyarsu doki, yaƙinsu a kan doki, tutarsu ma farin doki ne a kan kore. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ya ga barade sun saki linzami, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Waɗanda suka kalli fina-finan da aka yi tsakanin 2001 da 2003 sun san Théoden. Wasu sun san Helm, wanda aka yi wa fim ɗin zane a 2024. Walda kuwa babu wanda ya waiwaye shi. A cikin ainihin labarin, sunansa kawai ake ji, ranar da aka binne Théoden, lokacin da mawaƙin fada ya miƙe yana jero sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya, kamar dai yadda maroƙi kan yi a fadojinmu.

Tarihinsa duka jimla biyu ne a ratayen da ke ƙarshen littafi na uku, wanda ya fito a 1955. Shekara 9 kacal ya yi a kan gado. Yana dawowa daga Dunharrow, wata mafakar mutanen Rohan, ta hanyar duwatsu, miyagun halittun nan da ake kira Orc suka yi masa kwanton ɓauna, suka kashe shi da duk 'yan rakiyarsa. Shi ke nan.

Amma ka ɗaga ido ka karanta layin da ke samansa. Mahaifinsa Brytta ya yi shekara 44 yana mulki, mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, har talakawa suka laƙaba masa Léofa, wato abin ƙauna. A zamaninsa ne waɗannan Orc suka gudo daga arewa suka laɓe a duwatsun kudancin Rohan. Ya yaƙe su iyakar ƙarfinsa. Da ya rasu a 2842, kowa ya ɗauka an gama da su. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Da wannan zato Walda ya hau gado yana da shekara 62. Ka yi tunanin dattijo ya haura saba'in, a kan doki, a siririyar hanya tsakanin duwatsu inda doki ba ya iya sukuwa ba ya iya juyawa, hankalinsa kwance domin tun zamanin mahaifinsa aka ce hanya lafiya. Mahayan da a fili ba mai iya tarar gabansu, a nan dokin da suke taƙama da shi ya zame musu tarko.

Yanzu ka sauke ido zuwa layin ƙasa. Ɗansa Folca riƙaƙƙen mafarauci ne, amma ya yi rantsuwa ba zai ƙara bin dabbar daji ba muddin akwai sauran Orc ko ɗaya a Rohan. Shekara 13 ya riƙe wannan alkawari. Da aka tarwatsa maɓoyarsu ta ƙarshe a 2864, sai ya ɗauki mashinsa ya tafi farautar wani ƙaton aladen daji. Ya kashe aladen, aladen kuma ya tsire shi da haure, raunin ya zama ajalinsa.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. Me ya koro Orc ɗin tun farko? Wani yaƙi ne da aka yi can nesa tsakanin 2793 da 2799, tsakaninsu da gajerun maƙeran nan mazauna ƙarƙashin duwatsu. Rohan ba ta da hannu a ciki ko kaɗan. Wasu suka ci yaƙinsu, ita kuma ta yi shekara 64 tana kwasar tarkace.

Ban san yadda Bature yake ji in ya karanta wannan ba, amma ni jikina sanyi ya yi. Mun ga yadda rushewar Libiya a 2011 ta watso makamai cikin Sahel. Mun sha jin an ce an karya lagon 'yan bindiga, bayan 'yan watanni mu ji an tare hanya. Ranar 30 ga Mayun 2014 aka yi wa Sarkin Gwoza Idrissa Timta kwanton ɓauna a hanyarsa ta zuwa jana'izar Sarkin Gombe, Allah ya jiƙansa. Ba ina haɗa ɗan Adam da dodon littafi ba ne, zan ma dawo kan wannan. Abin da nake nufi shi ne, yaron da ya fahimci yadda Brytta da Walda da Folca suke sarƙe da juna ya koyi cewa shelar nasara daban, nasara daban.

"Ai ƙarya ce aka shirya"

Wannan ita ce hujjar farko da ake jefowa, kuma ita ce mafi rauni. Ƙarya ita ce ka faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba don ya ɗauka haka yake. Wa Tolkien ya yaudara? Ɗan Yaya ya san sarai babu Rohan a taswira.

Ni da Yaya a gaban kaka ɗaya muka girma. Ita ce take tara mu bayan sallar isha'i ta ce ga ta nan ga ta nanku, in ta gama ta ce ba don gizo ba da na yi ƙarya. Da bakinta take faɗa mana shiri ne, kuma ba mu taɓa ɗaukarta maƙaryaciya ba. Ko rubutaccen ƙagaggen labarin Hausa ma da irin wannan ya fara. Cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta labarai ta 1933 akwai Ganɗoki, jarumin da ya bar yaƙi da Turawa ya faɗa duniyar aljanu. A makaranta aka karantar da iyayenmu shi, babu wanda ya ce an lalata su.

Sannan ba daga iska Tolkien ya tsinto sarakunansa ba. Farfesan tsohon Turanci ne a Jami'ar Oxford, ya ƙarar da rayuwarsa a kan tsofaffin waƙoƙi da jerin sarakunan Ingila na da. Sunayen ma daga can ya ɗebo su. Théoden da Thengel da Fengel duk tsofaffin kalmomi ne da mawaƙa ke kiran sarki da su. Goldwine kuwa ma'anarsa abokin zinariya, wato sarki mai kyauta. Kirari ne ya mayar da shi suna. Abin da ya ƙara na kansa shi ne doki, domin waɗancan tsofaffin Ingilishi a ƙasa suka saba yaƙi. Saboda haka yaron da ke nazarin wannan jeri, ko bai sani ba, yana koyon yadda ake gina jerin sarakuna na gaske ne.

Ga kuma maganar jan biron nan. Da na samu yaron shi kaɗai a zaure na tambaye shi me ya zagaye. Ya ce, "Baffa, wuri ɗaya sun ce a 2851 aka kashe shi, wani wurin sun ce 2861. Amma an ce shekara 9 ya yi, kuma a 2842 babansa ya mutu. Ka ga ta farkon ce daidai." Na duba, haka yake: a tsofaffin bugu, rataye biyu da ke ƙarshen littafin sun saɓa wa juna.

Yaro ɗan shekara 16 ya ga ruwaya biyu sun ci karo, bai zaɓi wadda ta yi masa daɗi ba, ya nemo hujja ta uku ya yi lissafi ya yanke hukunci. Wannan shi ne ainihin abin da ake koya wa ɗalibin tarihi a jami'a. A zamanin da ake tura wa mutum murya a WhatsApp ya yaɗa ta kafin ya gama saurare, wannan hali abin a riƙe ne da hannu biyu.

"To namu fa?"

Nan hujjar Yaya take da ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Abin kunya ne yaro Bakano ya san wanda ya gaji Brytta bai san ɗan Rumfa, Abdullahi, ne ya hau gado a 1499 ba.

Amma laifin wa? Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi. Cikin wannan giɓi aka haifi yaron nan, a ciki ya yi firamare. A gida kuma wa ya taɓa zaunar da shi ya ba shi labarin Rumfa? Littafin Tolkien ya same shi a kasuwa da kuɗin da bai kai na katin waya ba. Namu bai taɓa ganinsa da idonsa ba.

Alhali muna da abin da ya fi Rohan. Tsohon kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci kuma H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello. A cikinsa za ka ji Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, bayan ya sha wuya a fagen fama. Mai son mahaya dawaki, ga su nan na gaske.

Kuma ga ƙananan sarakuna irin waɗanda yaron nan yake so. Dakauta, sarki na 17, bebe ne. Mutane suka ce in aka naɗa shi bakinsa zai buɗe. Aka naɗa shi, ya kwana ɗaya bai yi magana ba, aka sauke shi. Ɗansa Atuma ya yi kwana 7 aka cire shi saboda tsoron Galadima Dauda. Duka tarihinsu bai fi na Walda tsawo ba. Wanda bai saba da irin wannan karatu ba zai tsallake su ya nufi Rumfa. Wanda ya saba kuwa zai tsaya ya ce, a'a, in sarki biyu sun faɗi cikin kwana takwas, to mulkin ba a hannun sarki yake ba, a hannun wa yake?

Akwai wani abu a jerin Rohan da ya ƙara sa ni na tsaya a kan wannan ra'ayi. Sarki na 5, Fréawine, ko jimla ɗaya ba a rubuta masa ba, suna ne kawai da shekaru. Amma shekara 74 bayan mutuwarsa, wani attajiri mai suna Freca ya taso yana cewa shi jininsa ne, ya zo majalisa yana nema wa ɗansa Wulf auren 'yar Sarki Helm. Magana ta yi zafi, Helm ya kashe shi da naushi ɗaya. Bayan shekara 4 Wulf ya dawo da runduna ya ƙwace fada ya kira kansa sarki, ga kuma dusar ƙanƙara ta rufe ƙasar wata biyar. Helm da 'ya'yansa maza biyu duk suka mutu, sai ɗan 'yar'uwarsa Fréaláf ne ya ƙwato gadon. Sarkin da bai yi komai ba, sunansa kaɗai ya isa a kafa hujjar neman sarauta da shi.

Wannan kam Bazazzagi ba ya bukatar a fassara masa. Gidajen sarauta huɗu ake lissafawa a Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sulluɓawa sarki ɗaya suka yi, Abdussalami, tun ƙarni na 19, amma har yau ana ƙirga gidansu. Mallawa kuma sun yi kusan shekara 100 ba su hau ba, sai a 2020 da aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli. A sha'anin sarauta babu ƙaramin suna a jeri.

Inda nake tare da Yaya

Jarrabawa na gaban yaron, kuma uba yana da haƙƙin ya ce ga lokacin karatun makaranta ga lokacin nishaɗi. Wannan ba abin jayayya ba ne. Haka nan uba yana da haƙƙin ya san abin da ɗansa yake zuba wa ƙwaƙwalwarsa, ta fuskar addini da tarbiyya. Sai dai sanin yana zuwa ne ta buɗe littafi, ba ta tura shi ƙarƙashin matashi ba.

Kuma da Yaya ya buɗe, da ya ga abubuwan da suka fi waɗanda yake tsoro cancantar a yi magana a kansu. A duniyar Tolkien, mutanen kudu masu duhun fata, masu yaƙi da giwaye, a sahun abokan gaba suke. Tattaɓa-kunnen Walda, tagwayen Sarki Folcwine, a yaƙi da su suka mutu a 2885. Yaro baƙar fata yana karanta wannan, ya kamata wani babba ya tambaye shi: ka lura da su wa aka ba fuskar jarumai, su wa aka ba ta maƙiya?

Ga kuma maganar Orc, jinsin da aka nuna kamar babu na kirki a cikinsa, wanda ake farauta har a ƙarar. A cikin labari yana tafiya. Amma in wannan tunani ya fito daga littafi ya sauka a kan wata ƙabila ta 'yan Adam, bala'i ne, kuma mun ga yadda ake yi wa al'umma guda kuɗin goro saboda laifin wasu daga cikinta. Dole a faɗa wa yaro wannan ƙarara.

Na uku shi ne ya fi jan hankalina. Ƙasar da Cirion ya ba Eorl kyauta ba kango ba ce gaba ɗaya. Akwai mutanen tudu, 'yan Dunland, da suke ganin tasu ce. Sarki Aldor, wanda ya yi shekara 75 a kan gado, shi ya kori ragowarsu zuwa hayin kogi, kuma a jerin sarakuna an lissafa wannan cikin nasarorinsa. Bayan shekara 500 ba su manta ba, shi ya sa matsafi Saruman ya same su a shirye lokacin da ya nemi mayaƙan da zai yaƙi Théoden da su. Shi kansa Freca an ce yana da jininsu. A jerin ana kiransu mahara. Da su suka rubuta, da wani sunan za mu ji.

Wa ya rubuta wannan jeri, kuma muryar wa babu a ciki? Tambayar da nake so yaron ya iya yi ke nan. A kan Rohan zai koye ta cikin sauƙi, domin babu kakan kowa a ciki, ba wanda zai ji an taɓa gidansu. In ta zauna masa, sai ya ɗauke ta ya kai kan yadda Tarihin Kano ya ba da labarin mutanen Barbushe, da yadda Turawan mulkin mallaka suka rubuta labarin sarakunan da suka tuɓe.

Ranar Lahadi na koma gidan bayan magariba, muka zauna ni da Yaya mu biyu, na faɗa masa duk wannan. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma shi dai littafin ba zai fito ba sai an gama jarrabawar zango. Amma ya bar ni na ba yaron shafukan Tarihin Kano da na buga a shagon kwamfuta, daga Kanajeji zuwa Rumfa.

Shekaranjiya da dare yaron ya kira ni da wayar mahaifiyarsa. Ya ce ya ja sabon layi a bayan littafin rubutun nasa, ya kai kan Atuma ya tsaya. "Baffa, shi wannan Galadima Dauda, tun da har ana cire sarki don tsoronsa, me ya hana shi ya hau da kansa?"

Na ce ya zo gida ranar Asabar da littafin rubutun da jan biron nasa. Na Tolkien kuwa har yanzu yana ɗakin Yaya.